Wanda Makara Ta Ɗauka da Ransa

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana raye, kuma ba zan fara yau a kan takarda ba. Sunan da mutanen Tamale suka laƙaba masa ma ba zan rubuta ba. Sa'o'ina sun san shi, su riƙe abinsu. Na koyi riƙe alƙalami ina da jikoki, a ajin manya da ake yi mana bayan la'asar, kuma ban sha wannan wahalar don in yi wa kowa kwalliya ba. Abin da na gani zan faɗa.

Mijina ɗan wasan sinima ne. Ya mutu a gaban jama'a har na daina ƙirgawa, kafin Allah Ya karɓi ransa da gaske. Mutuwar farkon ce ta ci mu.

Ni 'yar unguwar Changli ce, aure ya kawo ni unguwar Sabonjida, duk a cikin Tamale. Surukina kafinta ne, jikan fataken goro da suka zo daga ƙasar Hausa suka ga wuri suka zauna. Shekarar da aka kawo ni ya samu wani itacen maɗaci mai kyau, ya sassaƙa wa masallacin unguwa makara, sadaka. Ragowar katakon ya yi mana ƙyauren ɗaki da shi, mai nauyin tsiya, sai ka sa kafaɗa yake buɗuwa. Hannun makarar guda ya taɓa tsagewa, tsohon ya ɗaure shi da ƙarfe, ya shafe wurin da koren fenti. Duk ɗan Sabonjida ya san koren hannun nan. A kanta aka kai surukata, a kanta aka kai shi kansa mai sassaƙar. Bayan rasuwarsa makullin ɗan ɗakin da ake ajiye ta ya dawo hannun mijina.

Gyaran keke yake yi a lokacin, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da kasuwa. Amma rabin masu zama wurinsa ba su da keke. Kwaikwayo suke zuwa kallo. Idan akawun gwamnati ya wuce, kafin ya sha kwana mijina ya miƙe ya ɗauki tafiyarsa, har da yadda yake share gumi da ɗan ƙyalle. Yana yin mahauci, yana yin tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hawa lori, yana yin ni kaina ina faɗa, ya riƙe ƙugu ya karkace baki, har in jefe shi da ludayi ina dariya. Ba ya yin mutum sai ya kalle shi ya ƙoshi. Yakan ce idan za a yi abu, a yi shi daidai.

'Yan shekaru kafin a sauke tutar Turawa, wani Bature ya zo da Tonawa biyu, mutanen Kumasi, da kayan ɗaukar hoto a mota. Fim za su yi na gwamnati don mutane su yarda a yi musu lambar agana, don lokacin in masu lamba suka shigo gari sai a watse cikin dawa. Sun riga sun samu mai hankalin, wani malamin makaranta mai gajeren wando. Mai taurin kan suke nema. Aka nuna musu gindin mangwaro.

Ya shigo gida yana washe baki. "'Yar Changli," haka yake kirana, "gobe zan kamu da agana."

"A'uzubillahi! Tofar da yawu, maigida."

"Jibi kuma in mutu. Ki tanadi kuka mai kyau, ban son na ganin ido."

Da ya yi mini bayani na sake, har na shiga ciki. Koko nake sayarwa. Da gasarata na yi masa ƙurajen, ina ɗiga masa a fuska da tsinken tsintsiya, ɗaya bayan ɗaya, yana duba madubi yana cewa na goshi sun yi yawa, a ƙara a gefen hanci, haka ya gani a jikin wani mai agana yana yaro. Na rubuta wannan don kada a ce na wanke kaina. Da hannuna a ciki.

Ranar da za a ɗauki jana'izar, sai ya dawo da hantsi a fusace. Wai sun kawo zanen gado mai furanni za su lulluɓe shi, su ɗora shi a kan benci.

"Benci!" ya ce. "Wa ya taɓa ganin an kai Musulmi a kan benci? Mutane za su ce ƙarya ce, su koma cikin dawa."

Na ga ya sa hannu bayan ƙyaure inda makullin yake rataye.

"Ka tambayi liman?"

"Ta Babana ce."

"Ta masallaci ce. Babanka ya bayar."

"Kafin la'asar ta dawo wurinta. Wa zai sani?"

Ya sayi alawayyo, ya yanka shi yadda ake yanka likkafani. Suka ɗora makarar a lori suka rufe da tamfol, suka tafi wani ƙauye a hanyar Savelugu. Can ya nuna musu yadda ake naɗewa, inda ake ɗaurewa a kai da tsakiya da ƙafa, ya kwanta aka naɗe shi, mazan ƙauyen huɗu suka saɓa shi. Kafin la'asar makara ta koma ɗakinta. Gaskiyarsa, ba wanda ya sani. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, duk mai sayen koko sai na gaya mata ƙurajen da za ta gani a sinima aikin hannuna ne.

Sai bayan kaka motar majigi ta zo. Aka kafa farin ƙyalle a filin gefen kasuwa, bayan magariba gari ya taru, mu matan Sabonjida muka shimfiɗa tabarmi wuri guda. Akwai mai fassara da lasifika, yana yi da Hausa yana juyawa da yaren Dagwamba, yana ƙara gishirinsa.

Da fari daɗi. Ga mijina, ƙato kamar gida, masu lamba sun shigo, ya ruga ya faɗa rumbu da kai, ƙafafunsa a waje suna wutsil-wutsil. Filin ya kece. Na yi dariya har da hawaye, mata suna dukan bayana. Ƙuraje suka fito, wata ta ce, "Kai, gasarar nan ta yi aure!" Aka sake kecewa.

Sai ya kwanta zai mutu, dariya ta fara janyewa. Ya sa yatsu yana tsintar bakin bargo kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, bai ce ba. Babban yatsan ƙafarsa ya yi rawa ya tsaya. Na san mutuwar nan. Ina ɗakin lokacin da surukina ya cika. Mutuwar ubansa ya ɗauko ya kawo kasuwa, bai rage komai ba. Filin ya yi tsit, kana jin ƙarar injin motar kawai.

Daga nan sai ga makara. Mutum huɗu sun saɓo ta, koren hannun yana gaba, ya cika ƙyallen. Wata baiwar Allah da ke zaune kusa da ni, wadda aka kai ƙaninta a kan makarar nan ko arba'in ba a yi ba, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Shi kuwa mai fassara baƙo ne, bai san komai ba, ya ci gaba da abinsa: "To jama'a, ga taurin kai nan ya hau mota mai ƙafa takwas! Ba birki, ba dawowa!" 'Yan wasu unguwanni suka yi dariya. 'Yan Sabonjida suka fara naɗe tabarmi.

Da safe aka kira shi zauren liman. Na bi bayansa na laɓe jikin zana, duk abin da aka ce a kunnena.

"Allah gafarta Malam, wasa ne," ya ce. "Don mutane su yarda da lamba."

"Likkafanin, wa ya yanka shi?" in ji liman.

"Ni."

"Wa ya nuna musu ɗaurin?"

"Ni, Allah gafarta."

"Daidai aka ɗaure?"

Ko a nan bai iya ƙarya a kan aikinsa ba. Ya ce, "Daidai."

"Da an ɗaure a karkace, da na ce wasa ne," in ji liman. Abokin surukina ne, shi ya yi masa salla. "Makarar nan sau ɗaya take ɗaukar mutum. Ta ɗauki uwarka, ta ɗauki ubanka, ta ɗauke ka. Kai da ita kun gama. Kawo makulli."

Daga baya na tambayi malamai masu littattafai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Babu wannan hukuncin a ko'ina. Maganar tsoho ce da ransa ya ɓaci, ya faɗe ta a gaban dattawa goma sha wani abu.

Ba a hana shi masallaci ba, amma in ya tsaya a sahu sai na gefensa ya ɗan ja kafaɗa. Masu goyo in sun hango shi sai su ja mayafi su rufe fuskar jariri. Aka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Gindin mangwaro ya bushe, masu keke suka koma wurin wani a bakin tasha. Ni kuma aka ce da gasarar shafa wa gawa nake dama koko. Matan da muka yi dariya tare su suka fara. Na ɗauke tukunyata na koma tashar lori inda baƙi ke saye, ba su san wace ce ni ba.

A makon nan kuwa layin masu karɓar lamba ya kai har bakin kasuwa. Na gan su da idona, 'yan unguwarmu, maza da mata, sun naɗe hannun riga suna jira. Mutuwar mijina ce ta kai su. Ba wanda ya ce masa sannu.

Da takarda ta zo daga Ankara, birnin gwamnati na bakin teku, wai Baturen ya yaba, ana son sa a wani fim ɗin, ni na ce ya tafi. Me ya rage masa a nan?

Haka ya zama ɗan wasa. Ba a taɓa ba shi mai hankali ba. Shi ne mai shan ruwan kududdufi, shi ne wanda ya ƙi gina masai, shi ne mai tsallaka titi da tunkiya bai duba ba. Maciji ya kashe shi, lori ta kashe shi, gudawa ta kashe shi har sau biyu. Motar majigi ta riƙa kawo mana shi Tamale yana mutuwa, mu muna raye muna shan kunya. Yara a makarantar allo suna tambayar 'ya'yana, "Yau me ya kashe babanku?"

Da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, na yi rawa a titi kamar kowa, har ɗankwalina ya ɓace. Ya zo gida da sallar shekarar yana ta buri. "Yanzu namu ne a sama, 'Yar Changli. Za su ba ni uba, ko malami, ko sarkin zango. Za ki gan ni da babbar riga ina ba da shawara." Ya miƙe a tsakar gida ya yi mana yadda zai yi malamin, ya gyara zama a kan buzu, ya yi gyaran murya. Wallahi na ji kamar in durƙusa in gaishe shi. Mu kaɗai muka taɓa ganin wannan wasan, ni da 'ya'yana da awaki.

Bature ya tafi, ɗan ƙasa ya hau kujerarsa, ya kalli mijina ya ce fuskarsa ta wawa ce, mutane sun saba. Ƙasa ta samu kanta, mijina ya ci gaba da faɗawa rumbu.

Da talabijin ya zo suka ba shi mai gadi. Shekara da shekaru yana mai gadi: ɗan arewa mai kwari da baka, mai gurgun Turanci, wanda ɓarawo ke sace masa takalmi a ƙafa yana barci. Sau ɗaya na je Ankara na same shi, kwana biyu a lori. Ɗaki guda yake haya a zango, unguwar baƙi 'yan arewa. Kullum da yamma sai ya tafi unguwar masu kuɗi ya zauna da masu gadin gaske, 'yan uwanmu na arewa, yana kallon yadda suke ninke buhun shimfiɗa, yadda suke ajiye buta a inda hannu zai kai, yadda suke miƙewa in mai gida ya danna ƙahon mota. Wasu suna son sa, suna ba shi goro. Wasu ko amsa sallamarsa ba sa yi.

Ya tafi da ni wurin ɗaukar. Na zauna a lungu, fitilu kamar rana tsaka. Daraktan saurayi ne, bai fi babban ɗanmu ba, yana kiransa da sunan nan da na ce ba zan rubuta ba, yana kaɗa masa yatsa. Mijina ya matsa kusa da ladabi ya ce a wannan wurin mai gadi zai ɗan taɓa laya a damtsensa kafin ya leƙa duhu, haka suke yi. Saurayin bai ko dube shi ba. Ya ce ya yi minshari ya faɗo daga benci, shi ke nan. Ya faɗo. Aka ce a sake. Sau biyar yana faɗowa a kan siminti, mutum mai furfura, ana ƙyaƙyata dariya bayan kyamara.

A hanyar komawa yana ɗingishi, ni kuma ina tafasa.

"Kin ga yadda na ajiye butar?" ya ce.

"Ba mai kallon buta, maigida. Gindinka suke kallo yana bugun ƙasa."

"Ke dai ba ki da idon wasa."

"Ina da idon mutunci. Kai kake koya wa mutanen kurmi yadda za su raina mu."

Ya tsaya a gefen titi. "In na bari, nasu za su ɗauko, su naɗa masa rawani kamar gammo, ya yi alwala ya fara da ƙafa. Ni ko ba komai rawanina daidai yake."

"Daidai ɗin nan shi ya kashe mu."

Muka ci gaba da tafiya. Can da muka kusa gida ya kwaikwayi yadda na faɗi maganar, har da murguɗa baki, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi. Ba ka isa ka gama fushi ba.

Duk shekara yakan zo azumi. Kuma duk shekara, washegarin isowarsa, sai ya sa farar riga ya ɗauki ƙullin goro ya tafi zauren liman. Ba makulli yake nema ba. Abu ɗaya yake roƙo, in ya mutu a kai shi a kan makarar ubansa. Liman ya karɓi goro, ya sa albarka, ya tambayi hanya da mutanen kurmi, sannan ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma ta riga ta ɗauke ka." Wata shekara ya ji ƙafar makarar ta fara girgiɗi, ya ce a bari ya gyara. Aka kira wani kafinta daga wata unguwa.

Na ce masa, "Katako ne fa. Gawa ta san a kan me take?"

"Ni na sani yanzu," ya ce. "Na kwanta a cikinta. Ana jin ƙamshin hannun Baba."

Tari ne ya dawo da shi gida gaba ɗaya. Ya fara katse musu ɗauka da tari, sai suka samo wani matashi suka ba shi kwarin da bakan. Ba takarda, ba sallama. Ya zo da akwatin ƙarfe ɗaya, a ciki har da rawanin mai gadin, a ninke tsaf. Damina guda ya yi a kwance. Masu zuwa dubiya ba su da yawa, kuma rabinsu so suke ya yi musu faɗawa rumbu. Yakan yi musu da fuska kawai, daga kwance, su fita suna dariya, shi kuma ya yi ta tari har in tallafe shi.

Kwana uku kafin ya cika ya kama hannuna. "'Yar Changli, ke ba kya jin tsoron kowa. Ki je wurin liman. Ni na yi ta zuwa da goro. Ke ki je da bakin nan naki."

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu. Bai tsinci bargo ba, bai yi ko ɗaya daga abubuwan da yake yi a sinima ba. Ya juya fuska bango, shi ke nan.

Na leƙa ta katanga na gaya wa maƙwabciyata. Tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Kuma? Yau me ya kashe shi?" Tana murmushi. Sai da ta ga idona rariyar ta faɗi daga hannunta. Ban riƙe ta a zuci ba sosai. Shekara ashirin da wani abu ana koya mata wannan tambayar.

Mace ba ta shiga zauren liman a irin wannan rana, balle wadda mijinta ke kwance ba a wanke ba. Na ja mayafi na shiga. Tsohon yana nan, ido ya tafi, sai an ɗaga shi an zaunar. Na'ibinsa na gefe da dattawa uku.

"Allah gafarta Malam, ɗan abokinka ya rasu."

Ya yi salati. "Ni zan yi masa salla," ya ce. "Ko ɗaukata za a yi."

"Salla dole ce, ba alfarma ba. Makara na zo nema."

Wani dattijo ya ce, "Ke, ki san inda kike."

"Na sani, Baba. Ina gaban mutanen da agana ba ta kashe ba." Na juya ga liman. "Malam, ɗaga hannun rigarka na hagu."

Na'ibi ya zabura. Tsohon ya ɗaga masa hannu ya zauna.

"Ba sai na ɗaga ba. Lambar tana nan."

"A wane mako aka yi maka ita?"

"Kin sani."

"To mutuwarsa ta yi maka rana, makarar ubansa ce ba za ta yi masa ba?"

Hawaye na bin gemunsa. Na ɗauka na ci. Sai ya ce, a hankali, "'Yata, a gaban mutane na faɗa."

"Mutanen da ka faɗa a gabansu, yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa."

"Shi ya sa. Wurin wa zan je in ce na janye?"

Na tsaya ina kallonsa. Da mugu ne da na ji sauƙi. Tsoho ne kawai da ya fi tsoron maganarsa a kan hakkin maraya.

Na'ibi ya ce a sassauta, yanzu zai aika Changli a aro ta masallacinsu, ai unguwarku ce, ba za su hana ba. Dattawa suka ce madalla, an huta. Na ce a'a. Ba za a bi da shi ta tsakiyar Sabonjida a kan kayan aro ba, kowa ya ce ga wanda unguwarsa ta ƙi. Har yau akwai masu cewa taurin kaina ne. Wataƙila. A wurin mijina na gani.

Na dawo gida. Babban ɗanmu, direban lori ne lokacin, yana tsaye a tsakar gida. Na ce ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren ɗakina.

"Inna, ƙyaure?"

"Kakanka ya yi shi. Itace ɗaya ne da waccan. Cire."

Aka wanke shi, aka naɗe shi, ɗan nasa ya tsaya a kan ɗaurin sai da aka yi daidai. Aka shimfiɗa tabarma a kan ƙyauren, aka ɗora shi, aka ɗaure da igiyar gugana don ƙyaure ba shi da gefe. Ba shi da hannu kuma, sai da mutum shida suka sa kai da kafaɗa. An kawo liman a kan keke ana tura shi, ya yi sallar a ƙofar gida. Sahu biyu ne, na biyun bai cika ba. Ta jikin zana na ƙirga.

Mata ba ma zuwa maƙabarta. Na tsaya a zaure ina kallon bayansu har suka kai kwanar da ke fita hanyar kasuwa. A nan wani, ban ga fuskarsa ba, ya ɗaga murya: "Mota mai ƙafa takwas!" Aka yi dariya. Ba mutum ɗaya ba. Wani ya tsawatar, aka yi shiru, suka sha kwana.

Da azahar aka dawo mini da ƙyauren, da jar ƙasa a gefensa. Ɗana zai mayar, na ce ya jingina shi da bango. Wata huɗu da kwana goma na takaba a ɗaki marar ƙyaure na yi su, damina ba ta ƙare ba, feshi na shigowa har kan tabarma. Duk matar da ta zo gaisuwa sai ta wuce ta gefensa kafin ta iso gare ni. Ba wadda ta tambaya. Waɗanda suka ce da gasarar gawa nake koko sun zo su ma, suna cewa mutumin kirki ne, mai ban dariya. Na ce musu na gode, Allah Ya ba da lada. Takaba ta hana ni faɗin sauran.

Liman bai kai baɗi ba, a kan makarar surukina aka kai shi. Bayan wasu shekaru wani alhaji ya sayo wa masallaci ta ƙarfe, aka jefa tsohuwar bayan ɗakin ajiya, gara ta cinye ta. Na je na gani. Ƙarfen koren hannun ne kawai ya rage a cikin ciyawa. Ban ɗauka ba.

Ƙyauren yana jikin ɗakina, har yanzu sai an sa kafaɗa. Limamin yanzu yaron kirki ne, jikan wancan. Ya ji abin da na gaya wa 'ya'yana, cewa in na mutu a kan ƙyauren za a kai ni, ya zo har gida ya durƙusa ya ce, "Iya, makarar masallaci ta kowa ce, ki bar maganar ƙyauren nan, abin ya wuce."

Na ce, "Ya wuce a wurinku. Ku ajiye ta ƙarfenku. Igiyar ma tana nan, na adana."